Jarkokin Ƙonni da jirgin bayi

Duk wanda ya saba bin hanyar Yamai zuwa Tawa ya san inda jarkoki suke fara yawa. Da zarar an wuce Dogon Dutsi an doshi Birnin Ƙonni sai a fara ganinsu a bakin titi, baƙaƙe da masu ruwan ɗorawa, wasu a jere a gindin bedi, wasu an ɗaɗɗaure su a kan babur har mai tuƙin ya kusa ɓacewa a tsakaninsu, ga kuma kwalaben ƴan ruwa-ruwa a kan tebur suna ƙyalli cikin rana. Na fi shekara 20 ina bin wannan hanya, tun ina ɗalibi mai komawa gida hutu har na zama malamin makaranta a Yamai, amma a tsawon shekarun nan idona bai taɓa tsayawa a kan jarka guda ya ƙare mata kallo ba. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum. Abin da ya sa na fara duban jarka da idon basira shi ne aikin wani mai fasaha ɗan Jamhuriyar Benin mai suna Romuald Hazoumè, wanda na gani a hotuna da bidiyo a intanet, kuma tun daga lokacin nake bibiyar irin ayyukan nan da ake bajewa a manyan zaurukan fasahar zamani, inda mai fasaha yake ɗaukar abu ɗaya ya maimaita shi sau ɗari ko sau dubu domin ya faɗi magana mai ɗaci a kan mulki, ko ciniki, ko zalunci.

Romuald Hazoumè, wanda aka haifa a Porto Nobo a 1962, ya daɗe yana ƙera fuskoki da irin jarkokin nan. Aikin da yake yi musu kaɗan ne: yana yanke saman jarkar, sai mariƙin ya zama hanci, bakin zuba mai ya zama baki a buɗe, kafaɗun robar kuma su zama goshi da kumatu. Tsakanin 1997 da 2005 ya haɗa babban aikinsa mai suna La Bouche du Roi, wato Bakin Sarki, wanda sunan wani wuri ne a gaɓar tekun Benin inda kogin Mono yake shiga teku, a gaɓar da aka yi ta fitar da bayi. Jarka 304 ya shimfiɗa a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, cikin siffar jirgin ruwa. Siffar ya ɗauko ta ne daga wani sanannen zane da masu yaƙi da cinikin bayi suka buga a Ingila a ƙarshen shekarun 1780, zanen jirgin Brookes, inda aka nuna yadda ake kwantar da mutum fiye da 400 a cikinsa kamar an jera itace. A tsakanin jarkokin ya ajiye kwalaben barasa, da kuɗin wuri, da taba, da bindiga, wato kayan da aka riƙa musayar mutane da su, sannan ya haɗa da hoton bidiyo na ƴan babur masu jigilar fetur daga Najeriya zuwa Benin. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya sayi aikin, ya baje shi a 2007, shekara 200 cif bayan majalisar dokokin ƙasar ta haramta cinikin bayi a 1807.

Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai ita ce, me ya sa har 304? Da jarka ɗaya ya rataye a bango, da an ce ga mai hikima ya mai da bola fuskar mutum, a yaba a wuce. Yawan ne ya sauya maganar. Idan ka hango aikin daga nesa, lodi kake gani, layi bayan layi na abu iri ɗaya, kuma haka ɗan kasuwar da ya cika jirgin yake ganin waɗanda ke ciki, domin a littafinsa adadi ne su. Idan kuwa ka matso kusa, sai ka tarar babu jarka biyu da suka yi daidai: wannan ta kumbura saboda an gasa ta a wuta don ta ƙara cin mai, waccan an liƙe tsagarta da narkakkiyar roba, wata ta kwarzane a gefe, wata tana ɗauke da alamar fentin mai ita. Haka uwa take tsamo ɗanta da ido a cikin taro. Mai kallo yana tsaye ne tsakanin ganin mai lodi da ganin uwa, kuma duk takun da ya yi gaba ko baya yana sauya masa matsayi, ko yana so ko ba ya so. A nan sukar take, kuma tana isa zuciya tun kafin mutum ya karanta bayanin da aka manna a bango. Bidiyon ƴan baburan yana ƙara ɗora nauyi a kai, domin saurayin da yake ratsa daji da fetur a gabansa da bayansa, wanda tartsatsi ɗaya ya isa ya tashe shi, ana morarsa ne har ya lalace a nemo wani, daidai yadda ake yi wa jarkar. Wannan saurayi na san shi, irinsa nake wucewa a Ƙonni, kuma cikin waɗanda muka yi makarantar allo tare akwai waɗanda da wannan sana'a suka yi aure suka ciyar da iyali.

Sai dai maimaici ba kullum yake tayar da mutum ba, sau da yawa ma shi ne yake sa shi barci. Andy Warhol na Amurka, wanda a 1962 ya baje zanen gwangwanin miyar Campbell's har guda 32, ya koma yana buga hoton haɗarin mota da na kujerar lantarki da ake kashe masu laifi a kanta, hoto ɗaya sau da yawa a kan ƙyalle guda. Shi da bakinsa ya faɗa a wata hira a 1963 cewa mugun hoto idan aka yi ta ganinsa sai ya daina yi wa mutum komai. Ya gano ciwon, amma a ganina ya bar mai kallo cikin mutuwar zuciyar da ya tarar da shi a ciki. Mu a nan mun san wannan ciwo da sunansa, sabo, wanda magabata suka kira turken wawa.

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Yara 52 ne a cikinsu, mata 33, kuma yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito. Aka yi zaman makoki na kwana 3. A watan Disamban 2019 sojoji 71 suka kwanta dama a Inates, aka yi makokin kwana 3. Wata guda bayan haka aka rasa 89 a Cinagodar, aka sake sassauto da tuta. Ranar 21 ga Maris na 2021 abin ya zo jiharmu ta Tawa, aka kashe mutum 137 a ƙauyuka da rugagen makiyaya na yankin Tiliya, aka kuma ba da sanarwar kwana 3. Na ji wannan sanarwa a rediyo ina cikin gyaran takardun ɗalibai, na yi salati, na yi wa mamatan addu'a, na ci gaba da gyara. Haka zuciya take kare kanta idan labari iri ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, ya yi ta dawowa lambar kawai ke sauyawa. Lambar ta zauna a kaina daram, amma 137 a baki ba ta da nauyin mutum 137, kowanne da sunansa, da garkensa, da wanda yake zuba ido ya dawo daga rijiya.

Wanda ya fi nuna mini yadda fasaha take iya warware lamba ta mai da ita mutane shi ne Ai Weiwei na ƙasar Sin. Ranar 12 ga Mayun 2008 girgizar ƙasa ta auka wa lardin Sicuwan ta kashe mutum kusan 70,000, cikinsu har da dubban ƴan makaranta da azuzuwa suka rufta musu, alhali wasu gine-ginen da ke kusa suna tsaye. Iyaye suka ce an ci kuɗin gini ne, an rage siminti da ƙarfe. Hukuma ba ta fitar da sunayen yaran ba, sai Ai Weiwei ya tara masu sa kai suka bi gida-gida suna tambayar suna, da ranar haihuwa, da makaranta, har suka tattara sunaye fiye da 5,000. A 2009 aka rufe shafinsa na intanet, kuma a watan Agustan shekarar ƴan sanda suka doke shi a ka a birnin Cengdu, dukan da ya kai shi ga tiyata a Jamus bayan ƴan makonni. A watan Oktoba ya lulluɓe fuskar wani babban gidan fasaha na birnin Munik da jakunkunan ƴan makaranta 9,000 masu launi daban-daban, aka jera su yadda daga nesa suke rubuta jimla ɗaya da haruffan Sinanci. Jimlar maganar wata uwa ce, wadda ta ce ƴarta ta yi shekara 7 a duniyar nan cikin farin ciki.

Jakar makaranta abu ne da na sani ciki da waje. Kowace safiya ina ganinta a bayan yara suna shigowa, wata zif ɗinta ya lalace an sa tsinke, wata uwa ta sake ɗinke hannunta da zaren buhu, kuma na san yadda aji yake zama idan yaro ya rasu aka bar wurinsa a benci ba wanda ya yarda ya zauna. Shi ya sa aikin nan ya tsaya mini a wuya. Sanarwar hukuma tana dunƙule dubban mutane ta mai da su lamba ɗaya, shi kuwa ya sa jaka 9,000 sun taru suna yi wa yarinya guda hidima, suna faɗin shekarunta da yadda ta rayu. Kuma ya kamata a lura da abin da ya riga wani: tattara sunayen ne ya zo farko, da wahalarsa da haɗarinsa, bangon jakunkunan ya biyo baya. Haka ya yi da ƙarafan ginin da suka lanƙwashe a baraguzan makarantun, ya sayo su tan-tan, ma'aikata suka yi shekaru suna miƙe su da guduma ɗaya bayan ɗaya har suka koma kamar sababbi, aka shimfiɗa su a zaure tare da sunayen yaran a bango. A 2011 hukuma ta tsare shi kwana 81.

Idon Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan salo, domin da maimaici aka yi mana tarbiyya. Yaro yana rubuta aya a allo, ya yi ta biya ta har ta zauna, ya wanke, ya sake rubutu. Bayan kowace salla ana jan carbi 33 sau uku, kuma wanda zuciyarsa take wurin ya san tasbihin ƙarshe ba ɗaya yake da na farko ba. Makaɗi yana yin nisa da waƙa ƴan amshi su dawo da shi kan baiti ɗaya, kuma idan maroƙi yana son habaicinsa ya kama marowaci, nanata shi yake yi har yara su ɗauka a titi. Ga ɗinkin aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga dagi a bangon soro, ga saƙar faifai da ta tabarma, duk ƙulli ɗaya ne ake ta maimaitawa har ya zama siffa.

A hutun da ya wuce na je Tawa na tarar da Inna, ƙanwar mahaifiyata, tana saƙar tabarma a rumfa. Kaba tana jiƙe a cikin kwano, wata an rina ta ja wata kore, yatsunta suna tafiya a kan saƙar ba tare da ta duba ba, doguwar saƙa mai faɗin tafin hannu tana naɗuwa a gefen ƙafarta kafin a zo ɗinke ta. Na buɗe waya na nuna mata hoton wani aikin El Anatsui, wani makeken abu mai sheƙin zinariya da ja, yana zubowa daga saman bango yana tattarewa kamar mayafi. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta ta ce, “Wanga zane na wace ƙasa ne?” Na ce, “Inna, ba zane ba ne, murafen kwalba ne aka daddaƙe aka ɗinke da waya.” Na ƙara mata girman hoton har ƙulle-ƙullen suka fito fili. Ta yi shiru tana bin layi da farcenta kamar mai duba kuskure a saƙar ƴar koyo, can ta ce, “Kai ɗana, hannu nawa sunka yi wanga aiki? Kuma da anka kai shi garin Turawa, an faɗi sunansu?”

El Anatsui ɗan Gana ne, an haife shi a 1944, amma a jami'ar Nsukka ta Najeriya ya yi koyarwa tun daga 1975. A ƙarshen shekarun 1990 ya fara aiki da murafen kwalaben barasa, ana baje su, a yanka, a huda, a haɗa su da wayar jan ƙarfe, dubu bisa dubu. Barasa tana cikin kayan da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar teku suna karɓar mutane, saboda haka kowane marfi guntun wancan tarihi ne, kuma kowanne ya bi ta hannun wani da ya buɗe shi ya yar. An ba shi lambar girma ta zakin zinariya a baje-kolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya a 2015, kuma a 2023 ya cika babban zauren gidan fasaha na Tate Modern da ke Landan. Duk wannan na faɗa wa Inna, na kuma faɗa mata gaskiya, cewa samari da yawa ne suke yi masa ƙullin a Nsukka, cewa an sayar da wasu ayyukansa fiye da dalar Amurka miliyan ɗaya, kuma sunansa ne ake rubutawa a bango. Ba laifinsa nake gani ba, domin haka kasuwar fasaha take tafiya, kuma ya ba matasa da yawa abin yi. Amma tambayar Inna tana nan a tsaye, domin aikin da yake sukar mai da mutane adadi yana iya ɓoye hannayen da suka yi shi. Ta san abin da take faɗi, tun da tabarmarta tana cin kwanaki kafin ta kammala, kuma mai saye a kasuwa launi yake tambaya da kuɗi. A nan ma Ai Weiwei ya yi abin a yaba: lokacin da ya zuba ƙwayar furen rana ta tangaran guda miliyan 100 a wannan zaure na Landan a 2010, wadda masu sana'a 1,600 na garin Jingdezhen suka zana da hannu ɗaya-ɗaya, an nuna hoton bidiyonsu suna aikin tare da ita.

Amsar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga Tamale, a arewacin Gana, garin da Bahaushe ba baƙo ba ne a cikinsa. Ibrahim Mahama, haifaffen 1987, da buhunan algarara yake aiki. Ana saƙa buhunan a Indiya da Bangaladash, a shigo da su Gana domin zuba koko, daga nan su faɗa hannun ƴan kasuwa su ɗauki masara da shinkafa, daga ƙarshe gawayi, har su yi baƙi su yayyage, kowanne da hatimi da sunan ɗan kasuwar da ya rubuta a jikinsa. Mahama yana karɓar tsofaffin ya ba da sababbi, ya tara mutane su ɗinke su, da yawansu ƴan ci-rani ne daga arewa masu neman abinci a kasuwannin kudu, inda ake kiran mata masu dako kayayei, sunan da rabinsa kalmarmu ce ta kaya. A 2015, a baje-kolin Benis da Okwui Enwezor ɗan Najeriya ya shirya, ya lulluɓe dogayen bangaye biyu na wani lungu da buhunan nan, mai wucewa yana tafiya a tsakaninsu yana shaƙar warinsu. Amma tun kafin Benis ya riƙa shimfiɗa su a kasuwa da gine-ginen Akara da Kumasi, inda masu buhunan suke wucewa kullum, kuma da kuɗi suka zo ya koma Tamale ya buɗe cibiyar fasahar zamani a 2019, ya ƙara da wani babban fili inda ya kawo tsofaffin jiragen sama ya mai da su azuzuwan yara.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da yake ci mini rai. Jirgin jarkokin Hazoumè mallakar gidan tarihi ne a Landan, kuma saurayin Ƙonni da aikin yake magana a kan irin rayuwarsa ba shi da hanyar samun bizar zuwa ya gani. Alhali a Yamai muna da wuraren da za a yi irin wannan. Akwai cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, akwai tsohuwar cibiyar Faransa da Nijar wadda aka sauya wa suna a 2024 zuwa Moustapha Alassane, sannan akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, inda talaka yake shiga ba tare da jin nauyi ba, ranar salla yara su cika shi maƙil suna kallon zaki da kura, da ƙasusuwan manyan dabbobin da, da kututturen itacen Tenere da mota ta kayar a 1973. Kayan aiki kuwa, wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako ya san ba mu da ƙarancinsu. A can na tsaya na ga an narkar da gwangwanayen lemo an zuba ruwansu a ramin yashi, bayan ɗan lokaci aka fasa yashin sai ga tukunya da kunnuwanta tana hayaƙi, a gefe wani yana yanka tsohuwar taya yana fitar da takalmi da guga, wani yana buɗe ganga da kurfi yana mai da ita akwati. Ga hannu ga kaya. Abin da ya rage shi ne wanda zai ce a jera su domin a faɗi wata magana. Kuma a ƙasar da ta ga juyin mulki a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, da 2023, inda mutane suka koyi auna kalma kafin su furta, fasahar da take magana ta hanyar jera kaya ta dace da mu, domin hannunka-mai-sanda ce irin wadda muka iya yi muka kuma iya ganewa.

Na san za a ce addininmu bai yarda da sassaƙa surar mai rai ba, kuma ina girmama wanda zuciyarsa ba ta kwanta da mutum-mutumi ba. Amma jaka, da buhu, da marfin kwalba ba sura ba ne. Doris Salcedo ta Kolombiya ta tara kujerun katako 1,550 a wani kango tsakanin gidaje biyu a Istanbul a 2003, babu hoton kowa a wurin, kuma duk wanda ya gani ya san ana maganar mutanen da suka zauna a kansu ne suka gushe. Abin da nake tsoro daban ne. Tarin kaya kaɗai ba ya zama fasaha, kowa yana iya jibge takalma dubu a fili ya ɗauki hoto, kuma idan lambar ba gaskiya ba ce, ko ba a nemi yardar masu rashin ba, to ciniki ne ake yi da hawayen wasu. Lokacin da Prune Nourry ta Faransa da ɗaliban jami'ar Ile-Ife suka ƙera kawunan yumɓu 108 aka baje su a Legas a watan Nuwamban 2022, adadin na ƴan matan Cibok ne da ba su dawo ba a lokacin da aka fara aikin, cikin 276 da aka sace a watan Afrilun 2014, kuma sai da aka je wurin iyaye tukuna. Da wannan sharaɗin nake tunanin abin da za a iya yi a nan: goran ruwa 92 babu komai a cikinsu, 52 ƙanana, a jere a kan yashin gidan tarihi, kowanne an karɓo shi daga gidan da aka yi rashin, da suna a jikinsa da ajami da boko idan iyalan sun yarda, yadda ɗan makarantar da ya zo kallon kura zai bi layin yana karantawa har ya kai ƙarshe.

A hanyar dawowa Yamai motarmu ta tsaya a Ƙonni domin salla da abinci. Na ƙarasa wurin wani saurayi da ke zaune a gaban tulin jarkoki, nasa da na maƙwabtansa a haɗe, na ce, “Sannu da aiki, ƙanena.” Ya ce, “Yawwa Malam, lita nawa?” Na ce ba saye zan yi ba, tambaya ce da ni. Ya ce kasuwar ma ta sauya tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, in tambaya ce in yi, yana da lokaci. Na tambaye shi yadda yake gane nasa a cikin wannan tuli. Ya tashi ya fara jawo su ɗaya-ɗaya: wannan da shuɗiyar igiya a mariƙinta, waccan ya sa mata alama da ƙusa mai zafi, wata marfinta ba nata ba ne sai an sa leda kafin ya kama. Daga ƙasa ya zaro wata baƙa, kumburarriya, da faci biyu a gindi, ya share mata ƙura da gefen rigarsa. “Wagga ta yayana ce,” ya ce, “da ita ya hwara, kahin ya tahi Libiya. Ba ni zuba mata mai yanzu, tana yoyo. Amma ko cikin ɗari anka sa ta ina gane ta.” Direba ya danna oda, saurayin ya mai da jarkar ƙasan tulin inda rana ba ta kaiwa, na yi masa sallama na koma mota.